Gwani a waya, sakaci a waƙa: sharhi kan wani shagon haɗa sauti a Maradi

Wata uku ke nan da na kai kukana wani ƙaramin shagon gyaran rediyo da talabijin da ke bayan babbar kasuwar Maradi, kuma na ga lokaci ya yi da zan rubuta abin da na gani game da aikinsu, domin na san akwai magidanta da yawa a garin nan da suka sayi kayan sautin falo, irin waɗanda muke kira hom-sinema, suna kuma da kwamfuta maƙare da waƙoƙi da karatu da fina-finai, amma sun kasa haɗa biyun ta yadda kunne zai ji daɗi. Ba zan ambaci sunan shagon ba, saboda a cikin maganata akwai yabo kuma akwai ƙorafi. Ayyuka biyu na biya su suka yi mini: haɗa kwamfutar da kayan sautin, da kuma tura mini waƙoƙi a cikin kile, wato ɗan filashin USB. Na farkon sun yi shi da ƙwarewar da ban yi zato ba, na biyun kuwa shi ne ya sa na shafe makonni ina zargin kayan da ba su da laifin komai.

Kayan nawa na hannu ne, irin waɗanda ake shigo da su ta Kwatano: ampili ɗaya mai ƙara wa sauti ƙarfi, ƙananan bafal, wato lasifika, guda biyar, da babbar wufa mai fitar da kaurin sauti. Ampilin tsohon yayi ne, ba shi da kafar HDMI ko ɗaya. Abin da yake da shi shi ne kafofin nan biyu, ja da fara, da kuma wata ƴar kafa mai murfi ta wayar haske. Kafin in je shagon na yi abin da kowa ke yi, wato na sayi wayar dala ɗari wadda ake soka kanta ɗaya a kafar abin sauraron kunne ta kwamfuta, ɗaya kan kuma ya rabu biyu ya shiga ja da fara. Sauti ya fito, amma a ƙarƙashinsa akwai wani ƙugi mara yankewa, kamar na injin niƙa da ke aiki a can ƙarshen layi, wanda ke ƙaruwa duk lokacin da na ƙara murya, har uwargida ta ce ita ta gwammace ƙaramar rediyonta ta kicin.

Mai shagon ya yi alkawarin zuwa ranar Asabar, bai zo ba sai Lahadi bayan la'asar, kuma wannan shi ne laifinsa na farko, ko da yake ƙarami ne. Ya iso a kan kabu-kabu tare da yaronsa, da jaka a rataye. Abin da ya fara burge ni shi ne bai buɗe jakar ba, bai kuma fara maganar abin da zan saya ba. Ya ce in kunna kayan yadda na saba, ya tsaya ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya sunkuya ya zare cajar kwamfutar daga bango. Nan take ƙugin ya ɗauke ɗif. Ya mayar da cajar, ƙugin ya dawo. Sai ya ɗago ya ce, “Malam, kayanka lafiya lau suke, kuran ne ke bin wayar sauti.”

Bayaninsa kan kuran, wato wutar lantarki, gajere ne, amma daidai yake da abin da na karanta daga baya. Wutar lantarkin da muke amfani da ita a Nijar mai ƙarfin volt 220 ce, tana kai da komo sau 50 a kowane sakan, kuma idan na'urori biyu da ke kan wuta suka haɗu ta wayar ƙarfe, alhali ba su daidaita ta wajen wayar ƙasa ba, sai wani ɗan ƙaramin lantarki ya riƙa zagayawa ta cikin wayar sautin, ampili kuma ya ɗauke shi ya ƙara masa ƙarfi tare da waƙar, tun da ba shi da hankalin bambance su. A gidajen da aka ja wa wuta ba tare da wayar ƙasa ba, irin nawa, ga kuma caja mai araha da ke zubar da nata hayaniyar, abin ya fi muni. Ban da wannan, sautin da ke fita ta kafar kunne ya riga ya bi ta cikin ƴar na'urar kwamfutar mai mayar da lambobi su zama sauti, wadda a tsofaffin kwamfutoci ba a kashe mata kuɗi ba, kuma tana zaune ne a tsakiyar sauran kayan ciki masu tayar da ƙura.

Yaron nasa ya kawo shawarar a sa ƴar na'urar Bluetooth a huta da waya gaba ɗaya, amma maigidan ya girgiza kai, kuma na yarda da shi. Bluetooth na yau da kullum yana sake matse sautin ne da wani tsari mai suna SBC kafin ya aika shi, ga shi kuma yana jinkirta shi kaɗan, ta yadda a fim za ka ga baki ya motsa kafin magana ta iso. Hanyar da ya zaɓa ta fi wannan dabara: ya ja wayar HDMI daga kwamfutar zuwa talabijin, wadda ke ɗauke da hoto da sauti a matsayin lambobi, sannan ya ja wayar haske daga bayan talabijin zuwa ampilin. Wannan waya, wadda kamfanin Toshiba ya ƙirƙiro a 1983 ake kuma kiranta TOSLINK, ba ƙarfe ne ke ɗaukar saƙo a cikinta ba, jan haske ne ke bi ta siririn zare, don haka lantarki ba shi da hanyar tsallakawa daga talabijin zuwa ampili. Ya nuna mini jan hasken yana ƙyalli a bakin wayar kafin ya soka ta, ya kuma gargaɗe ni kada in bari a lanƙwasa ta sosai ko a ɗora mata ƙafar kujera. Da aka kunna, falon ya yi tsit tsakanin waƙa da waƙa, irin shirun da ban taɓa ji daga waɗannan kaya ba.

A nan ne ya faɗa mini wata gaskiya da mai son cin kuɗi zai ɓoye. Wayar haske tana iya ɗaukar sautin da ba a matse ba na tashoshi biyu kawai, hagu da dama. Idan ana son tashoshin nan shida da ake rubutawa 5.1, dole sautin ya zo a matse, a tsarin Dolby Digital ko DTS, kuma dole talabijin ta yarda ta miƙa shi yadda ya zo. Ya shiga saitin talabijin ya canza fitar sautin, ya buɗe manhajar VLC a kwamfutar ya umarce ta da ta daina fassara sautin da kanta ta bar wa ampilin, sannan ya gwada da wani ɗan bidiyon gwaji da ke kiran bafal ɗaya bayan ɗaya. Dolby ya wuce, fitilarsa ta kama a gaban ampilin. DTS bai wuce ba, domin talabijin ɗina ba ta miƙa shi, kuma bai yi mini kwana-kwana ba, ya ce irin waɗannan fina-finai a tashoshi biyu zan ji su sai in na canza ampili. Ya kuma nuna mini cewa idan magana ta saɓa da motsin baki, maɓallan J da K a VLC suna ja da sautin gaba ko baya da kashi 50 cikin dubu na sakan a kowace dannawa. Na yi amfani da wannan dabara ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Jera bafal ɗin ma bai yi shi da ka ba. Da na tara su duka biyar a kan teburin talabijin kamar kayan jeren amarya. Ya bar ta tsakiya a ƙarƙashin talabijin domin ita ke ɗauke da magana, ya raba na gaba biyu hagu da dama, ya kai biyun ƙarshe gefen kujera, ɗan baya kaɗan da kunnen mai zama, ya kuma gano cewa na juya wayar ɗaya daga cikin na gaba, ja a wurin baƙa, abin da ke sa bafal biyu su riƙa soke kaurin juna. Ya janye ampilin daga cikin kabad, yana cewa zafin watan Afrilu a Maradi kaɗai ya ishe shi ba sai an rufe shi a akwati ba, ya ce in riƙa lulluɓe shi da ƙyalle lokacin hunturu idan ba a amfani da shi saboda ƙura, kuma in sa masa regilatar saboda hawa da saukar wuta. Duk wannan aiki, har da wayoyin biyu, jika takwas ya karɓa, kuma ban ji ciwon kuɗin ba. Abin da kawai zan soka a nan shi ne wayoyin bafal na baya da ya bari a miƙe a gindin bango ba tare da ya kafe su ba, sai da na sayi ƴan ƙusoshin waya na yi da kaina.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Kafin su tafi na ba yaron kile mai gigabait 32 da jika biyu, na ce a cika mini shi da kiɗan gargajiya da waƙoƙin zamani da ƙasidu, tun da shagon yana wannan sana'a ta turi, har akwai allo a ƙofa da aka rubuta cewa waƙoƙinsu duk na 320 ne, lambar da ke nuna mafi girman ingancin fayil ɗin MP3. Washegari na karɓo, waƙoƙi sun fi dubu biyu. Da dare na zauna na kunna, ina jiran in ji daɗin kuɗina, sai na ji wani abu da na kasa ba shi suna da farko. Ƙugi babu, ƙarfi akwai, amma kiɗan ya zama kamar an jiƙa shi. Bugun kalangu, wanda ya kamata ya fito tas ya tsaya, yana zuwa da wani ɗan shuu a gabansa. Ƙarar caki da tafin ƴan amshi sun narke sun koma kamar ruwan da ake wasa da shi a cikin bokiti. A wasu waƙoƙin, duk inda mawaƙi ya ɗaga murya sai sautin ya tsage. Na rage murya, na ƙara, na taɓa saitin kauri da na siranta, babu abin da ya canza, har na fara tunanin ko bafal ɗin ne suka tsufa.

Ɗana na fari, wanda ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, shi ne ya warware mini wannan ƙulli, kuma sai na yi ɗan bayani kafin a gane abin da ya gano. Faifan CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo da bit 16, a tashoshi biyu. Idan aka lissafa, kilobit 1,411 ke nan a sakan, wato kusan megabait 10 a minti ɗaya. Tsarin MP3, wanda masu bincike na cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus suka taka babbar rawa wajen samar da shi, ciki har da Karlheinz Brandenburg, aka kuma fitar da ƙa'idarsa a 1993, an gina shi ne a kan raunin kunnen ɗan Adam: idan ana buga ganga kusa da mai raɗa, ba a jin raɗar, saboda haka ana iya zubar da ita ba tare da mai sauraro ya lura ba. Da wannan dabara ake mayar da waƙa ta koma kilobit 128 a sakan, kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na girmanta, ko kuma 320, wanda shi ne iyakar tsarin. Waƙar minti biyar da ta kai megabait 53 a CD tana zama megabait 12 a 320, ta kuma zama ƙasa da 5 a 128. Amma abin da aka zubar ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Fayilolin da aka tura mini, a fuska, na 320 ne. Haka kwamfuta ta nuna, girmansu ma ya yi daidai da lissafi. Sai yaron ya saukar da wata ƴar manhaja ta kyauta mai suna Spek, wadda ke zana hoton sauti tun daga mafi kauri har mafi siranta. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen hertz 20 zuwa 20,000, wato yawan kaɗawar sauti a sakan, kuma MP3 na 320 na gaskiya yakan riƙe sauti har kusan can ƙololuwa, yayin da na 128 yakan yanke a wajen 16,000. Muka buɗe waƙoƙi ashirin a jere, kusan duka an yanke su a miƙe a 16,000 kamar da reza, wasu ma a wajen 11,000, saman hoton baƙi ƙirin. Ma'anar wannan ita ce an samo su ne a matse tun farko, daga YouTube ko daga wayar wani, sannan aka sake juya su zuwa 320. Furar ludayi biyu aka juye a babbar ƙwarya, aka cika da ruwa, aka ce ga fura. Abin da ya fi wannan muni shi ne kowace juyawa sabuwar matsa ce, wadda ke sake zubar da wani abu daga ragowar, ta kuma ɗauki kurakuran matsar farko ta adana su kamar wani ɓangare na kiɗan.

Ba na son a fahimce ni a matsayin wanda ke ƙyamar MP3, domin gwajin da muka yi a gida ya ƙaryata ni da kaina. Ina da wani faifan CD na asali na kiɗan gargajiya, sai ɗana ya kwafe waƙa ɗaya a tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001 kuma yake rage girman fayil ba tare da zubar da komai ba, sannan ya yi mata kwafin MP3 na 128 da na 192 da na 320, da kuma wani da ya juya sau uku a jere. Na zauna na ba kwamfutar baya, yana kunnawa a hargitse ina canka. Tsakanin FLAC da 320, har ma da 192, zato kawai nake yi, rabi in dace rabi in faɗi, abin da ya ba shi dariya ƙwarai tun da na riga na cika baki. Na 128 nakan gane shi idan caki ya shigo. Wanda aka juya sau uku kuwa ban taɓa kuskurensa ba, ko uwargida da ke wucewa da tire ta gane shi. Ashe matsa sau ɗaya daga tushe mai kyau ba ta cutar da kunne irin nawa, wanda shekaru suka riga suka rage masa jin siraran sautuka; kwafin kwafin kwafi ne ke kashe waƙa. Kuma dalilin da ya sa ban taɓa lura da haka ba a da shi ne ƴar lasifikar wayar salula ba ta iya fitar da yawancin abin da ya lalace ɗin, ƙugin tsohuwar wayar sautin nan ta dala ɗari kuma yana rufe sauran. Aikin kirkin da mai shagon ya yi shi ne ya tona asirin kayan da yaronsa ya tura.

Karatu da wa'azi ba su sha wannan wahala sosai ba, saboda muryar mutum ɗaya ba ta buƙatar faɗi kamar kiɗa, kuma ko a kilobit 64 tana fita sarai. Banda waɗanda aka naɗa a matsayin saƙon murya na WhatsApp, wanda ke matse sauti ƙwarai da tsarin Opus domin magana, ba domin kiɗa ba. Na sami ƙasidu da dama irin haka, da alama an kara waya ne a bakin lasifika a wurin taro, mandirin ya koma kamar ana dukan kwali.

Na koma shagon da kwamfutar a hannu na nuna wa maigidan hotunan. Bai yi musu ba, bai kuma ɗaga murya ba, wanda na yaba. Ya ce shi ma karɓo waƙoƙin yake daga abokan sana'a ta manhajar tura fayil ta Xender, kuma yaron yana zaɓar 320 a manhajar juyawa ne da zaton hakan na ƙara inganci. Ya ƙara da cewa, “Malam, mutane yawa suke tambaya, ba wanda ya taɓa tambayata wannan.” Na yarda gaskiya ya faɗa, domin mafi yawan masu zuwa wurinsa a waya ko a ƙaramar rediyo mai katin memori suke saurare. Amma hujjar ba ta wanke shi ba a wurina. Mutumin da ya san bambancin wayar haske da ta ƙarfe, ya kuma ƙi Bluetooth saboda yana sake matse sauti, bai kamata ya bar allo a ƙofarsa yana tallar lambar da ba ta da ma'ana ba. Har ila yau akwai asara ga mai saye ko da bai damu da inganci ba, tun da fayil ɗin 128 da aka kumbura zuwa 320 yana cin wuri ninki biyu da rabi a banza. Bai mayar mini da jika biyun ba. Ya ce zai sake tura mini wasu kyauta, na ce ya bari.

Saboda haka, duk wanda ke son a haɗa masa kwamfuta da hom-sinema, ko yake fama da ƙugi, ko bafal ɗinsa na baya suka yi shiru, zan kai shi wannan shago da ƙafata, in kuma ce masa ya ƙara kwana ɗaya a kan ranar da aka yi masa alkawari. Turin waƙa kuwa ba zan sake biya ba sai na zauna na saurari biyar ko shida a manyan bafal ɗin shagon, musamman masu caki da tafi. Daga cikin waƙoƙin dubu biyu da ƴan kai, mun tace mun bar ƙasa da ɗari uku, sauran wurin kuma ɗana yana cika shi a hankali da tsofaffin faifan CD da nake arowa daga abokai, yana kwafe su a FLAC duk ranar Lahadin da ya zo gida. Shekaranjiya na bi ta bayan kasuwa, allon nan na 320 yana nan a rataye inda yake.